Abin da ke ɓoye a finafinan faɗa masu ƙaramin jari

A wata tattaunawa kan yadda ya kamata a kalli finafinan faɗa masu ƙaramin jari, shawarar da ta fi yawa ita ce, kada arahar kayan aiki ta sa mai kallo ya raina fim, maimakon haka ya fara neman abin da ke damun wanda ya shirya shi. An kawo misalin Mad Max na 1979, wanda George Miller ya shirya a Ostareliya. Shi likita ne da ya sha ganin waɗanda haɗarin mota ya raunata, kuma ƙarancin man fetur na 1973 ya yi tasiri a labarin, shi ya sa gudun motocin yake ɗauke da fargaba ta gaske. Wasu kuma sun ce a sake kallo, a lura da wuraren da jarumi ya yi shiru, kuma ni wannan ta fi gamsar da ni.