Ta yaya za mu dawo da ranar masu larurar ƙwaƙwalwa ba tare da mun yaɗa korona ba?

Jami'ar lafiya daga wajen Kano:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ƙauye. Kafin korona muna da rana guda a mako da muka ware wa masu larurar ƙwaƙwalwa: masu farfaɗiya, masu ciwon damuwa, matan da hankalinsu ya taɓu bayan haihuwa, da waɗanda ke kan allurar wata-wata. Da aka sa dokar kulle a Kano a watan Afrilun 2020 sai muka dakatar, muka koma kiran waya. Tun farkon Yuli aka ɗage kullen, kasuwanni sun cika, masallatai sun cika, amma ga mu a Oktoba ranarmu ba ta dawo ba.

Wayar nan ba ta riƙe mutanenmu ba. Yawancin matan, wayar ta maigida ce. In na kira shi zai ɗauka ya ce "ai da sauƙi", ko ya miƙa mata yana tsaye a kanta. Wace mace ce za ta faɗi cewa rayuwa ta ishe ta alhali mijinta yana ji? Allura kuma ba a yin ta ta waya. Akwai wani saurayi da ya yi shekaru lafiya lau yana ɗinkinsa, yanzu labari ya zo mini an sa masa mari a ɗaki. Abin nan yana hana ni barci.

Matsalata ita ce wurin. Ɗakin dubawa ƙarami ne, taga ɗaya. Kowane majinyaci yakan zo da 'yan rakiya biyu ko uku, su cunkushe a baranda. Ga hunturu na tafe, lokacin da kowa ke tari da mura. Don Allah waɗanda suka riga suka buɗe, yaya kuka yi?

Nas daga Kaduna:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki buɗe, kada ki ƙara jira. Ba ke kaɗai ba ce: binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a farkon Oktoban 2020 ya nuna cewa cikin ƙasashe 130 da aka tambaya, kashi 93 cikin ɗari aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ya tsaya ko ya samu tangarɗa. Korona ba a san ranar tafiyarta ba.

Amma kada ki ce kowa ya zo rana ɗaya kamar da. Ɗauko katunan ki tantance. Masu allurar da ta wuce lokaci su ne farko, sai masu farfaɗiyar da maganinsu ya yanke, sai duk wanda kike tsoron zai cutar da kansa. Wanda yake lafiya yana shan magani, ki ba shi na wata biyu in kina da shi, ki ci gaba da kiransa. Ki raba ranar gida biyu, wasu da hantsi wasu bayan azahar, ɗan rakiya ɗaya tak, wanda ya fi sanin halin majinyacin.

Ɗakin kuwa ki bar shi. Mu bencinmu muka fitar gindin darbejiya, muka yi alama a ƙasa, mita biyu tsakanin mutum da mutum kamar yadda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ce. Don sirri muka kewaye wani gefe da zana ba rufi, can nesa da layi. Iska na ratsawa, ba mai jin abin da ake faɗa. Bokiti mai famfo da sabulu a ƙofa. Mai zazzaɓi ko tari ba ma korarsa, gefe muke zaunar da shi mu duba shi a ƙarshe. In kika kori mai taɓin hankali sau ɗaya, da wuya danginsa su sake kawo shi, sai dai ki ji an kai shi inda za a ɗaure.

Mai jinyar ƙaninsa daga Zariya:

Malama, ni ba ma'aikaci ba ne, ƙanina nake kaiwa asibiti. Abu ɗaya nake roƙo ku lura da shi, takunkumin fuska. Ƙanina dama larurarsa ta zargi ce, gani yake ana bin sa. Ranar da muka koma ya tarar da kowa fuska a rufe, sai ya ja ya tsaya a bakin ƙofa ya ce waɗannan ba mutanen da ya sani ba ne. Allah ya saka wa wata sista da alheri, ta ja baya sosai a tsakar fili, ta sauke nata ya ga fuskarta, ta kira sunansa ta gaishe shi, sannan ta mayar. Shi ke nan ya shiga. Ku riƙa gaya wa dangi tun a waya su shirya wa mutum zuciya kafin a zo. Kuma ku tuna kuɗin mota ya tashi, in kun ce a zo to a tarar da magani.

Likita daga Kano:

Hajiya, shawarar Sistar Kaduna ta yi daidai. Ni gargaɗina a kan magani ne. Wanda ya yi watanni bai karɓi allurarsa ba, irin su fluphenazine, kada a mayar da shi kan tsohon ma'auninsa kai tsaye. Ki tuntuɓi likitan da ya rubuta, don jiki ya saki sabo da maganin. Haka maganin farfaɗiya carbamazepine, da kaɗan ake sake farawa a riƙa ƙarawa. Ki ja wa dangin masu shan phenobarbitone kunne cewa yanke shi farat ɗaya na iya jawo farfaɗiyar da ba ta tsayawa.

Sannan ba kowane zazzaɓi ne korona ba. Damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, ki fara gwada maleriya. Mai shan maganin taɓin hankali da ya zo da zafin jiki mai tsanani, jiki ya sandare, yana gumi, hankali a rikice, wannan na iya zama illar maganin ce, kuma tana kisa. Ki tsayar da maganin ki tura shi babban asibiti nan take. Tsoho kuma da ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu, da can lafiyarsa ƙalau, ki fara zargin cuta a jiki, har da koronar, kafin ki ce hauka ne.

Wanda ya ƙi takunkumi saboda halin da yake ciki, kada a danne shi. Ki sa naki, ɗan rakiya ya sa nasa, ki gama da shi da wuri a waje.

Jami'ar lafiya daga wajen Kano:

Allah ya saka muku da alheri. Darbejiya muna da ita, zana kuma zan roƙi mai unguwa. Na fitar da katunan, gobe in Allah ya kai mu zan fara kiran masu allura. Likita, ranka ya daɗe, saura saurayin nan da ke ɗaure. Mahaifinsa ya ce ba zai iya sa shi a mota ba. In na je gidan da kaina, da me zan fara, ko sai an kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau tukuna?