Wannan Baturen mai sanda a hannu waye shi, kuma hoton zai yi kuɗi?

Dan_Fagge:
Salam jama'a. Don Allah masu ilimi ku taimaka. Jiya na raka abokina Sabon Gari wajen masu kayan gwanjo na kwantena zai sayi firij, ni kuma idona ya faɗa kan wani hoto a firem an jingine shi bayan wata tsohuwar talabijin duk ƙura, na taya mai kayan ya sallama min ko jan ciniki bai yi ba. Wani Bature ne mai jiki, gashi har kafaɗa, ga ɗan gashin baki, baƙaƙen kaya, hannunsa riƙe da gajeriyar sanda, a bayansa kuma teku da jirgin ruwa irin na da mai filafilai. A bayan firem ɗin an rubuta F. Bol 1667. Abokina sai zuga ni yake wai irinsu ne ake sayarwa miliyoyi a Turai, wallahi jiya ban yi barci sosai ba. Waye mutumin, kuma na asali ne?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Yadda ka kwatanta, Michiel de Ruyter ne, babban kwamandan sojan ruwan Holan. Shi kuma F. Bol ɗin Ferdinand Bol ne wanda ya zana hoton, almajirin shahararren mai zanen Holan Rembrandt. De Ruyter ba ɗan sarauta ba ne fa, an haife shi a Vlissingen 1607, yana yaro aikin tufkar igiyar jirgi yake, yana ɗan shekara 11 ya fara bin jirgi, a haka ya yi ta hawa. Sandar nan da ka gani ta mulki ce, ta kwamanda. Shekarar da ke jikin firem ɗinka kuwa ba banza ba, a watan Yunin 1667 ne ya shiga da jiragensa cikin kogin Medway a Ingila, suka ƙona jiragen yaƙin Turawan Ingila a inda suke ajiye, babban jirginsu Royal Charles kuma suka ja shi har Holan kamar an kamo rago. Bol ya zana hoton fiye da sau ɗaya don a rataye a ofisoshin rundunar ruwa. De Ruyter ya rasu 1676 bayan harsashin igwa ya same shi a ƙafa a gaɓar Sisili, kabarinsa yana Amstadam.

Hajjaju01:
Hhhh Dan Fagge har ka fara duba fili a Nasarawa GRA ke nan? Ƙanina ka kwanta ka yi barcinka. Ni dai abin da na sani, kada ka rataye shi a inda ake sallah, in Hajiyarku ta gani kai da hoton duk waje za ku yi.

Mai_Firem_Kwari:
Ni sana'ata ce firem, bari in rage maka wahala. Na farko auna shi. Na asalin ya fi mita ɗaya da rabi tsayi, ba abin da za ka saƙala a hammata ka hau adaidaita da shi ba ne, kuma sanannun suna gidajen tarihi, akwai a Rijksmuseum akwai a Mauritshuis, duk a Holan. Na biyu cire ƙusoshin baya ka zaro shi daga gilashi. Idan takarda ce ko kwali magana ta ƙare. Ka haska fitilar waya daga gefe, fentin mai na gaske za ka ga sawun buroshi da tsattsagewa ƙanana kamar tafin ƙafa a hunturu, in kuwa bugun inji ne ka zuƙo da kyamara za ka ga ɗigo-ɗigo a jere. Sau da yawa ma firem ɗin ya fi hoton daraja in katakon kirki ne.

Malam_Tarihi:
Na manta wani abu, mutumin ya zo yankinmu ma. A 1664 ya ƙwato tsibirin Gore kusa da Dakar daga hannun Ingila, a 1665 ya kama ganuwarsu ta Kormantin a Ghana ta yau, aka sa mata suna Fort Amsterdam. To waɗannan wuraren na cinikin zinariya da bayi ne, shi ya sa ni in na kalli hoton nan ba jarumtar kawai nake gani ba, su can gwarzonsu ne, har laƙabin kaka matuƙansa suka sa masa, amma mu ta wannan gefen tekun lissafin daban ne.

Dan_Fagge:
Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara ilimi. Oga mai firem na buɗe yanzun nan, kwali ne, ɗigon ma ba sai da kyamara ba, har da tambarin wani shago a ƙasa. Hajjaju kin ci gari. Yanzu nawa za ka sayi firem ɗin? Gilashin bai fashe ba, kusurwa ɗaya ce kawai ta ɗan ɓalle.