Shin ƙyama ce ta hana Yahudawa cin girkin wasu?

Mai Gidan Burodi: Assalamu alaikum. Na ji cewa Bayahude mai riƙo da addini ba ya cin burodi ko girkin wanda ba Bayahude ba, kuma ni ban ga dalili ba sai ƙyama, wato hannun kowa najasa ne a wurinsu.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Hukuncin yana nan, amma ba Attaura ce ta zo da shi ba. Malamansu ne suka kafa shi, kuma dalilin da Talmud, wato babban kundin koyarwar malaman nasu, ya bayar shi ne tsoron auratayya, domin wanda ka saba cin abincin gidansa, wata rana surukinka ne.

Hajiya Mai Abinci: Malam, gudun surukuta ma ai ƙyama ce aka sa wa babbar riga.

Malamin Tarihi: Hajiya, ki duba abin da aka togace. Duk abin da ake iya ci ɗanye bai shiga haramcin ba ko da an dafa shi, haka ma abincin da bai kai a ajiye a gaban sarki ba. Da hannun ne najasa, me zai raba naman biki da abin taɓa-ka-lashe? A kan burodi kuwa, an sassauta wa na mai gasawa don sayarwa fiye da na cikin gida, saboda ciniki ba ya ƙulla zumunci kamar kwanon maƙwabci. Idan ma Bayahude ya jefa ɗan tsinken itace cikin tandar, burodin ya halatta.

Hajiya Mai Abinci: Tsinken itace? Wannan dabara ce kawai. Wanda ya kwaɓa, ya sha zafin wuta, shi ya yi aikin.

Malamin Tarihi: A girki su kansu sun saɓa a nan. Malaminsu Yosef Karo, wanda aka buga littafinsa na hukunce-hukunce Shulhan Aruk a birnin Benis na Italiya a 1565, bai yarda kunna wuta ta wadatar ba, sai Bayahuden ya ɗora tukunyar da hannunsa, kuma Yahudawan Sefardi, wato masu asali daga Spain da Portugal, shi suke bi. Wani malaminsu, Moshe Isserles na birnin Karako a Poland, ya ce kunna wutar ta isa, Yahudawan Ashkenazi, wato na tsakiya da gabashin Turai, suka bi shi.

Mai Gidan Burodi: Na janye maganar najasa, Malam, amma ban janye ta wariya ba, tunda kai da bakinka ka ce don a hana kusanci aka yi shi. Ni dai tandata tana nan, wanda zai jefa tsinkensa ya zo da asuba kafin mu zuba ƙullu.