Wane suna za mu ba na'urar da ke fito da sauti huɗu daga tsohon faifai?

1/ Jama'a, masu tara tsofaffin fayafayan garmaho da malamanmu na Hausa, ku matso mu tsayar da suna ɗaya. Akwai akwatin da ake haɗawa da amfilifaya don ya fito da sauti huɗu daga wasu fayafayan shekarun 1970. Me za mu kira shi?

2/ A 1971 kamfanin CBS na Amurka ya fito da tsarin SQ, a daidai lokacin kuma Sansui na Japan yana tallata nasa QS. Burinsu a ajiye lasifika huɗu a ɗaki, biyu gaba biyu baya, mai sauraro a tsakiya. Wannan ba ya wuyar suna: sautin kusurwa huɗu. Inda gizo ke saƙar shi ne tsagin faifai gefe biyu gare shi, hagu da dama, hanya biyu ke nan kacal.

3/ Sai suka cusa huɗu cikin biyu. A SQ ana rage ƙarfin sautin baya zuwa kusan kashi 70 cikin 100, a gocar da kaɗawarsa da digiri 90, wato a ɗan saɓa lokacin kaɗawar, a zuba shi cikin hagu da dama duka. Garmahon gida zai kaɗa faifan lafiya lau. Akwatin nan ne ke bin sawun gociyar ya gane na gaba da na baya.

4/ Wasu sun ce a bar shi a dikoda. Ban goyi baya ba. Ka shiga kasuwa ka ce dikoda, ta DStv ko StarTimes za a miƙo maka. Wani ɗan'uwa ya kawo "mai raba sauti", amma masu gyaran lasifika suna da wata na'urar da ke raba kauri da siriri, za a riƙa rikita su.

5/ Shawarata: matsefin sauti. Aikin cusa huɗu cikin biyu da aka yi a situdiyo kitso ne, na akwatin kuwa tsifa. Abin da ya sa kalmar ta kwanta mini a rai, ba ta yi alkawarin da na'urar ba za ta cika ba. Gashin da aka tsefe ba ya miƙewa sarai, haka sautin da aka gauraya ba ya komawa huɗu tsaf. Matsefan SQ na farko ratar desibel 3 kawai, wato ɗan ƙaramin bambanci a ƙarfin sauti, suke bayarwa tsakanin gaba da baya, muryar mawaƙi sai ta riƙa yoyo ta bayanka. Shi ya sa aka ƙara musu da'irar lantarki da ke lura da sautin da ya fi ƙarfi ta danne yoyonsa. Sansui ta yi tata dabarar rage yoyon mai suna Vario-Matrix, daga baya wani tsarin mai suna Tate ya shigo cikin na'urorin kamfanonin Audionics da Fosgate, waɗanda masu tarawa ke nema ruwa a jallo har yau. Kuma kowane kitso da matsefinsa: ka sa faifan SQ a matsefin QS, kayan kiɗa su fito inda ba muhallinsu ba.

6/ Sunan zai ɗauki tsarin sautin fim na gida irin su Dolby Surround na 1982 da Pro Logic na 1987, tunda su ma cusa huɗu cikin biyu ne.

7/ Amma ban da tsarin faifan garmaho mai suna CD-4 na kamfanin JVC, wanda kamfanin RCA ya sayar da sunan Quadradisc. Can ba irin wannan kitson aka yi ba, ɗora ƙarin bayanin da ke raba gaba da baya aka yi a kan wata siririyar ƙara mai kilohaz 30 da kunne ba ya ji. Sai da allura ta musamman irin ta Shibata ake kamo ta, dakusasshiyar allura kuwa tana iya cinye ta. Tasa na'urar zan kira ta mazaƙulin sauti, don zaƙulo ɓoyayye take yi.

8/ Malamai na Sakkwato da Damagaram, matsefi kuke cewa a wajenku ko akwai wata kalmar? In babu saɓani, da ita zan ci gaba da rubutu.