Katkat ba ta isa ba: me za mu kira AWD da giyar DSG da Hausa?

Malam Sa'idu, Garwa

Assalamu alaikum. A garejin Garwa da Marwa duk motar da ƙafafunta huɗu ke ja, katkat ake ce mata. Sunan ya zauna daram a kan Hilux da Land Cruiser. To amma yanzu ƙananan motocin gudu na shigowa ta Duwala da Kwatano: Golf R, Audi S3, Subaru WRX STI, jefi-jefi Lancer Evolution. A takardunsu an rubuta AWD, wato duk ƙafafun na ja, Faransawa kuma suna cewa transmission intégrale. Dillali ya ce wa mai saye "ita ma katkat ce", mai saye ya ɗauka zai iya tsallaka yashin mayo (kogi) da ita. Muna neman sunan Hausa da zai raba su. Na biyu, giyar nan ta DSG da ake kira otomatik alhali cikinta ba na otomatik ba ne, ita ma a sama mata suna.

Aminu, Kusseri

Wa alaikumus salam. A ce "mai ƙafa huɗu" mana, Malam. Shi ke nan.

Alhaji Bello, Njamena

Aminu, jaki ma ƙafarsa huɗu. Wace mota ka taɓa gani da uku in ba keken haya ba?

Baffa Umaru, Ngaundere

Kafin a raɗa suna a duba jaririn. Abin da ake kira AWD ba iri ɗaya ba ne, kuma in aka haɗa da katkat sun zama uku.

Katkat irin ta Hilux da Land Cruiser 79 da ƙafar baya take tafiya. Direba ne ke sa H4 ko L4, babba ko ƙaramar giyar jan ƙafa huɗu, da hannunsa, sai gaba da baya su ɗaure su riƙa juyawa daidai wa daida. A kwana kuwa ƙafafun gaba sun fi na baya cin hanya. A yashi ko laka taya na ɗan zamewa ta sauke bambancin. A kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ya riƙa murɗuwa: sitiyari ya yi nauyi, mota ta riƙa tsalle-tsalle in an karya kwana sosai, liba ta ƙi fita daga H4 sai an ja da baya. Wanda ya bar ta a haka daga nan zuwa Garwa, bwat ɗin taransifa (akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya) da kurwaziyo (gaɓar sandar da ke kai ƙarfin ga ƙafafu) ne za su biya.

Iri na biyu shi ne na STI da Evolution da Audi S4. Tsakanin gaba da baya akwai haƙoran da ke barin kowane ɓangare ya juya da nasa saurin alhali duka suna ja. Saboda haka a kwalta ma huɗun ke aiki, dare da rana, babu libar cirewa. STI ta baya-bayan nan tana ba gaba kashi 41, baya 59, kuma akwai maɓallin DCCD kusa da giya da direba ke ƙara ɗaurin tsakiyar ko ya sassauta. Evolution X rabi da rabi take yi, da zaɓi uku: kwalta, tsakuwa, ƙanƙara. S4 kuwa 40 gaba, 60 baya.

Iri na uku shi ne na Golf R ta Golf 7 da S3 ta zamaninta. A asali motar gaba ce. Can baya, gab da pon (akwatin haƙoran da ke tsakanin ƙafafun baya), akwai ambiriyaj (kuloci) mai faifai da yawa cikin mai, sunansa Haldex. Kwamfuta ta ga ana bukata, sai famfo ya matse faifan, ƙarfi ya tafi baya. A miƙaƙƙiyar hanya da ƙafa ɗaya a totur kusan gaba kaɗai ke aiki. Ku lura, Audi tana manna quattro, sunan AWD ɗinta, a jikin S3 da S4 duka biyun, amma cikinsu hanyar jirgi daban ta mota daban.

Suna ɗaya ba zai ɗauki biyun ƙarshen nan ba tare da an cuci mai saye ba.

Aminu, Kusseri

Na karɓi gyara, Baffa. To na biyun a ce "duk-ƙafa".

Malama Hadiza, Marwa

"Duk-ƙafa" fassarar Turancin ce aka sa wa hula, kuma kunne ba ya son ta. Hausa in za ta raɗa wa mota suna, aikinta take duba ko halinta, kamar a-kori-kura da a-daidaita-sahu. Tun da bambancin yana ga lokacin da huɗun ke ja ne, a sa lokacin cikin sunan. Na biyu: huɗu-kullum. Na uku: huɗun ko-ta-kwana, domin ƙafar baya a shirin ko-ta-kwana take zaune, sai an kira ta. Ku gwada a baki: "STI huɗu-kullum ce, Golf ɗin ko-ta-kwana ce." A kasuwa za a yar da "huɗun" ɗin da kansa, ba sai mun ce a yar ba. Katkat kuma a bar ta inda take, ba ta yi laifin kome ba.

Haƙoran tsakiyar nan da Baffa ya siffanta, tun da gaba da baya ne ke jayayya su kuma suna sasantawa, raba-gardama ke nan. Na pon ma aikinsu ke nan tsakanin dama da hagu. Sai a ce raba-gardamar tsakiya, ta gaba, ta baya.

Alhaji Bello, Njamena

Raba-gardama ta yi, Malama, Allah ya ƙara basira. Amma Prado da Land Cruiser 100 fa? Suna da raba-gardamar tsakiya, huɗu-kullum ne su ma, ga shi kowa katkat yake ce musu daga nan har Abeshe.

Baffa Umaru, Ngaundere

Alhaji, ba a yi karo ba. Prado katkat ce kuma huɗu-kullum. Abin da ya sa ta katkat shi ne L4, ƙaramar giyar hawan tudu da fita daga rami, ga tsayi daga ƙasa, ga maɓallin kulle tsakiya. Motocin gudun nan babu mai L4 a cikinsu, kuma tsakanin cikinsu da ƙasa santimita 12 zuwa 16 ne, alhali Hilux ta haura 20. A ramukan hanyar Mora zuwa Dabanga kartar mai, kaskon man inji, ce za ta fara gaisawa da ƙasa tun kafin a zo maganar ƙafa nawa ke ja.

Dalilin da ya sa na goyi bayan sunayen Malama shi ne kowanne yana gaya wa mai mota bashin da ke kansa. Ko-ta-kwana tana da nata man daban, bai kai lita 1 ba, ana canza shi duk shekara 3. A Haldex ɗin Golf 7 babu filtar da ake sauyawa, sai 'yar raga a bakin famfo. Dattin faifai na toshe ta kamar kunu. In aka juye mai ba a kwance famfon an wanke ragar ba, an yi aikin banza: famfo ya gaji ya mutu, mota ta koma ta gaba zalla, kuma sau da yawa mai ita ba zai sani ba. Gwajinta kafin saye ba wuya. A kai ta kan tsakuwa, mutum ɗaya ya tsaya a gefe, direba ya taka da ƙarfi daga tsaye. In gaba na watsa ƙasa baya na kallo, ko-ta-kwanan ta yi barci. Wani kuskuren da yaran gareji ke yi: noti na juye man Haldex da na pon suna maƙwabtaka a jiki ɗaya. Yaro ya zubar da na pon, ya ƙara sabo a kan na Haldex, mota ta tafi da busasshen pon. Kafin a yi nisa sai kuka daga baya.

Huɗu-kullum kuma bashinta taya ne. Huɗun su zama iri ɗaya, lamba ɗaya, cinyewa ɗaya. Ga Subaru, bambancin kewayen taya kada ya wuce milimita 6 ko makamancin haka, kuma da igiyar awo ake aunawa bayan an daidaita iska, ba da ido ba. Al'adarmu ta sayen taya ɗaya ta hannu a haɗa da tsofaffi uku tana sa raba-gardamar tsakiya aiki ba hutawa ko a miƙaƙƙiyar hanya, ta yi zafi ta ci kanta. Duka iri biyun, in sun lalace a hanya, a kan babbar mota ake ɗora su, ba a ɗaga gaba a ja baya a ƙasa.

Malam Sa'idu, Garwa

Madalla. Saura giya.

Musa Lantarki, Njamena

DSG giyar hannu ce guda biyu a tukunya ɗaya, kwamfuta ke taka musu ambiriyaj. A mai lamba 6 ta Golf R, ambiriyaj ɗaya na riƙe da 1, 3, 5 da ribas, ɗayan 2, 4, 6. Kana cikin 3, an riga an saka 4 tana jira, sai wannan ya saki wancan ya kama. Hasan da Husaini ke nan. Ni dai giyar tagwaye nake ce mata, kuma masu mota na ganewa nan take. SST ɗin Evolution X da giyar Nissan GT-R duk tagwaye ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta.

Amfanin sunan: a daina zuba mata jan man otomatik. Nata man daban ne, ana canza shi da filta duk kilomita 60,000 a mai lamba 6 ɗin, yana cin lita 5 da 'yan kai. Ana duba cikarsa ne man na tsakanin digiri 35 da 45, inji na aiki, na'ura a jone tana nuna zafin. A watan Afrilu a nan ko a Garwa, inuwa kanta ta haura 40 da rana, don haka aikin na bayan sallar asuba ne, in ba haka ba man ya kumbura ya zubo da yawa a bar giya da ƙishirwa. Abin da ke kashe ta kuma shi ne rarrafe. A layin gadar Ngeli ta tsakanin Njamena da Kusseri, in direba ya riƙa sakin birki rabi-rabi yana bin na gaba taku-taku, faifan suna goga ne ba su kama ba. A tsaya cak, a bar tazara, a tafi gaba ɗaya. A hawan falez (dutsen) Ngaundere bayan tirela kuma kada a riƙe mota da totur, a sa ta a hannu a bar ta a 1 ko 2.

Malama Hadiza, Marwa

Giyar tagwaye ta zauna, ba ta bukatar gyara. Ta hannu tana nan da sunanta, otomatik ta gargajiya ma haka. Na ji ana cewa tagwayen akwai jiƙaƙƙu da busassu, haka ne?

Musa Lantarki, Njamena

Haka ne, Malama. Jiƙaƙƙu faifansu cikin mai suke, man ke kwashe zafi, su ne a Golf R da S3 da Evolution. Busassu suna cikin ƙananan Golf da Polo masu lamba 7, an yi su don injin da ƙarfin murɗawarsa bai wuce Nm 250 ba, kuma su ne suka fi jin jiki a zafinmu. Kada a ruɗe, Golf R ta 2017 zuwa sama lamba 7 gare ta amma jiƙaƙƙiya ce.

Alhaji Bello, Njamena

To da sababbin sunayen, wacce mutum zai ɗauka?

Baffa Umaru, Ngaundere

In motar za ta kwana a Garwa ko Marwa, huɗu-kullum mai giyar hannu. STI dama da giyar hannu mai lamba 6 aka san ta, Evolution X kuwa a nemi samfurin GSR mai lamba 5, a bar mai tagwaye. An daina ƙera Evolution tun 2016, kuma SST ɗinta in ta fara fizga sai man Mitsubishi na musamman da na'urar da za ta sake koya mata kamu. Giyar hannu kowane tsohon bakanike zai sauke ta ya sa faifai. Wanda ke Njamena, yana da mai na'urar Volkswagen a kusa, kuma a gari zai fi yawo, Golf R mai tagwaye ta fi daɗin zama, kayanta ma sun fi samuwa tun da danginta Golf ne.

Sai dai mai ne zai raba gardamar kafin giya. Injinan nan masu turbo suna son fetur mai oktan (lambar ingancin fetur) 98, in an matsa 95. Zuwa-zuwa, fetur ɗin bakin titi ta kwalba, ba wanda ya san lambarta. Inji ya fara ƙwanƙwasa a cikin zafi, kuma na Subaru mai lita 2.5 an san shi da tsagewar bakin fistan a wurin zobba. Wanda ba zai iya tsare tashar mai ɗaya amintacciya ba, ya sayi Hilux dizal ya huta.

Aminu, Kusseri

Baffa, Toyota GR Yaris fa, wadda ta fito a 2020? Ba ta da raba-gardamar tsakiya, ambiriyaj ne a baya kamar na Golf. Amma kullum tana tura ƙarfi baya: 60 da 40 a tafiyar yau da kullum, 30 da 70 in an murɗa maɓalli, ko rabi da rabi. Wane suna za ta ci?

Baffa Umaru, Ngaundere

Ka kama ni, yaro. A hannun direba huɗu-kullum ce, in an leƙa ƙarƙashinta kuma 'yar gidan su Golf ce.

Malama Hadiza, Marwa

Sunan aiki muka raɗa, ba na kayan ciki ba. Tana ja da huɗu kullum? To huɗu-kullum ce. Bakanike ya ƙara "mai ambiriyaj" in ya shiga ƙarƙashinta.

Musa Lantarki, Njamena

Saura giyar CVT ta WRX ta 2015 zuwa sama, mai sarƙa tsakanin kwano biyu, babu haƙoran lamba ko ɗaya. Giyar sarƙa ko giyar sulɓi? Ni na fi son sarƙa, don wanda ya ji sulɓi zai ɗauka ambiriyaj ne ya ƙone.