Abin da na tsinta a hirarmu kan masu ba da ƙoda

Jiya bayan isha'i a majalisarmu ta Tudun Wada aka taso da zancen wani ƙaninmu da zai ba yayansa ƙoda, akwai nas a cikinmu da wani da ya bayar shekaru uku baya, sai na ce bari in rubuto abin da na riƙe.

Nas ɗin ta ce yawanci lafiya lau ake tashi amma tiyata tiyata ce, ana iya samun zubar jini, ko ɗinki ya yi ruwa, ko jini ya daskare a ƙafa, wani ma daga baya hanji ya turo ta wajen ɗinkin, shi ya sa ba ɗaukar kaya mai nauyi sai bayan kamar sati 6. Zazzaɓi ko kumburin ƙafa ɗaya, a koma asibiti a take. Magungunan kashe ciwo su ibuprofen da diclofenac da muke saya a kemis, mai bayarwa ya bar su, duk shekara a auna hawan jini da fitsari.

Wanda ya bayar ɗin nan shi ya fi taɓa ni wallahi. Ya ce bayan aiki kowa na kan mara lafiya, shi aka manta da shi, bacci ya ƙi zuwa, kullum tunanin kar ƙodar ta ƙi zama ya ga kamar laifinsa ne. Shawararsa a ware mutum ɗaya mai kula da mai bayarwa, in damuwar ta wuce sati 2 a ga likitan ƙwaƙwalwa, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna nan kusa. Kuma dan Allah iyaye a daina matsa wa yaro, likita ya gan shi shi kaɗai ya ji ko da son ransa ne.