Loda wa bayan a-kori-kura nauyi saboda santsin damina: kilo nawa, kuma a ina?

Manomin Shika:
Assalamu alaikum jama'a. Hilux ce mai ja da tayun baya kawai, ba ta da okzilari, wato giyar da ke sa tayu huɗu duka su ja. Idan da kaya a bodi lafiya lau take tafiya, amma idan ta sauke a Zariya za ta koma gona wajen Giwa ba komai, da an yi ruwa sai baya ya riƙa wulwula taya yana zamewa gefe a hanyar burji. An ce a ƙasashen dusar ƙanƙara buhunan yashi suke zubawa a baya lokacin hunturu. Shin zai yi aiki a lakarmu? Kilo nawa ya kamata?

Bakanike Sabon Gari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Zai yi, don matsalar iri ɗaya ce. A-kori-kura idan ba kaya, inji da giyabos da direba duk suna gaba, fiye da rabin nauyin motar yana kan tayun da ba su ke ja ba. Na baya kuma, masu tura motar, ba abin da ya danne su. A Kanada da arewacin Amurka ƙanƙara ce a kan kwalta, mu nan laka ce a kan jar ƙasa mai tauri, amma maganin ɗaya: a danne tayar har zanenta ya ratsa santsin ya kama ƙasa.

Ga mota girman Hilux, kilo 150 zuwa 200 ya isa. Fara da 100 ka gwada, ka ƙara idan ba ta daina ba. Motar da aka ƙera don ɗaukar kusan tan ɗaya, wannan ba zai dami sifirin ɗinta ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin ajiyewa. Nauyin ya zauna daidai saman bak-aksul (ƙarfen da ya haɗa tayun baya), wato tsakanin tudun nan biyu na taya da ke cikin bodi, ko ya ɗan matsa gaba kaɗan. Kada ka jera shi jikin ƙofar baya. Duk abin da ya wuce aksul zuwa baya ɗaga gaban motar yake yi, sitiyari ya yi sakwaf, kuma ranar da baya ya fara zamewa a kwana, nauyin nan ne zai ƙarasa juya ta. Idan kuma ka tura shi jikin kan mota, wani kaso ya koma tayun gaba, ka yi asarar mai a banza.

Sai ɗauri. Samu katako 2 x 4 guda biyu, ka yanke daidai faɗin bodi, ɗaya gaban tudun taya, ɗaya bayansa, ka haɗa su da gajeru biyu ya zama kamar akwati. Buhunan su kwanta a ciki, a bi su da bel ko igiya mai kauri zuwa ƙugiyoyin bodi. Buhun da ba a ɗaure ba, birki ɗaya mai ƙarfi zai kai shi gilashin baya.

Direban Kwangila:
Oga ya gama magana a kan wuri. Abin zubawa zan ƙara. Yashi ya fi komai, don idan ka kafe sai ka farke buhu ɗaya ka zuba gaban tayar ta samu abin takawa. Amma a lura, buhun taki mai kilo 50 idan aka cika shi da yashi ya haura kilo 80, yashi ya fi taki nauyi nesa. Cika rabi-rabi, ka saka buhu cikin buhu, mutum ɗaya zai iya saukewa. Bulo da dutse da tsohon ƙarfe a bar su, su ne ke lotsa bodi. Siminti kuwa ruwan Agusta ɗaya zai mayar da shi dutse. Idan jarkoki ne, mai lita 25 kilo 25 ce, shida sun ba ka 150, amma a cika su fal. Duro rabin ruwa kada ma a fara, ruwan yana kai-kawo yana jefa motar gefe.

A riƙa ɗaga buhunan lokaci-lokaci, jiƙaƙƙen yashi yana toshe hudojin fitar ruwa, tsatsa ta ci ƙasan bodi.

Injiniya Samaru:
Malamai, ban ƙi ba, amma kada Alhaji ya ɗauka nauyi maganin kowace laka ne. Santsi daban, taɓo daban. Inda ƙasan ke da tauri, laka ce kawai a sama, nauyi na taimakawa. A fadama, irin bakin Galma, inda ƙafar mutum ma nutsewa take, ƙarin nauyi ƙarin nutsewa ne, har ƙwaryar aksul ta zauna a ƙasa tayu su rasa abin kamawa. Nan saukewa ake yi, a ɗaga da jak a kan faffaɗan katako, a cusa duwatsu ko itace.

Kuma nauyi bai gyara suɗaɗɗiyar taya. Masu zane mai zurfi su koma baya. Kafin shiga burji a rage iskar taya zuwa PSI 22 ko 25 a ma'aunin iska, a mayar da ita yadda takardar jikin ƙofar direba ta nuna da an hau kwalta, in ba haka ba tayar za ta yi zafi a hanyar Funtuwa. A tashi da giya ta biyu, totur kaɗan. Idan taya ɗaya ce ke wulwulawa ɗayar na tsaye, haka aksul ɗin yake, wadda ta fi samun sauƙi yake juyawa. Ja hambirki kaɗan yakan sa ɗayar ta motsa. Birki kuma sai an fara takawa da wuri, don wajen tashi nauyin yake taimakawa, ba wajen tsayawa ba.

Manomin Shika:
Allah Ya saka da alheri. To idan na ɗora taki ko masara fa, in bar yashin a ciki?

Bakanike Sabon Gari:
A'a Alhaji, sauke shi. Buhu uku na taki sun riga sun yi aikin, yashin cinye maka lodi kawai zai yi. Ka dai fara jera kayan daga saman aksul zuwa gaba.